Fitilar Surukata Ba'indiya

Surukata ta rasu ranar Talata da hantsi, a gidanmu na Jega, bazara tana tsakiya. Ba a gama shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ba na ji tambayar da na san sai an yi ta. Wata maƙwabciya ce ta sunkuya wajen ta kusa da ita, a zatonta ba na ji, ta ce, "Wai su can ba ƙone su akai ba?"

Shekara arba'in da 'yan kai matar nan ta yi a garin. Ta yi azumi tare da su, ta je sunan 'ya'yansu, ta zauna makokin iyayensu. Duk da haka, har ranar mutuwarta, in an ce Ba'indiya sai an ɗan rage murya. Mu a gida Inna muke ce mata.

Masu gaisuwa sun kasu. Matar da ke sayar mata da kifi ta shigo ko gyale ba ta yafa daidai ba, ta zauna a gindin randa tana kuka na gaske, tana cewa yanzu wa zai riƙa buɗe kunnen kifinta yana yi mata faɗa. Wasu kuma, da sun ce Allah ya jiƙan rai, sai idonsu ya tafi ƙofar ɗakin Inna. Ba gawar suke son gani ba. Fitilar suke nema, wadda suka yi shekaru suna jin labarinta. Na saki labule na tsaya a gabansa.

Mijina, ɗanta guda ɗaya tilo, yana kudu, ya bi motar albasa, tafiyar kwana biyu ce tsakaninmu. Surukina kuwa ya riga ta rasuwa da shekara shida. Da na kira mijina a waya sai ya ce, "Kada a jira ni. Amma ki tsaya mata, kada a wulaƙanta mani uwa." Na ce to, alhali ban san da me zan tsaya ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kawo Gwaggo daga Maiyama. Gwaggo yayar surukina ce, ta haura tamanin, kuma ita ke wanke duk macen da ta rasu a danginmu da ma unguwar. Ta shigo da sandarta da ƙullin ganyen magarya, ta amsa gaisuwa, ta zo har bakin labule. Sai ta ja kujera ta zauna, ta ajiye ƙullin a ƙasa.

Ta ce, "Ni Musulmi nika wankewa. Wagga ban san abin da taka bauta ma ba."

Na durƙusa a gabanta na ce, "Gwaggo, kin hi kowa sanin tana salla."

"Na san tana salla. Na kuma san dut magariba sai ta kunna wuta ta zamna gabanta. Wanne za ni ɗauka?"

Wanda ba ɗan nan ba zai ce sai a nemo wata. Babu wata. In Gwaggo ta ƙi gawa, babu macen da za ta tsallake ta ta shiga, don ƙin nan shaida ne. Kuma maganar ba za ta tsaya a kan Inna ba. Ina da 'ya'ya mata uku, kuma na san garinmu: da an zo neman aurensu sai wani ya tuna cewa kakarsu ce aka ƙi wankewa. Maza sun riga sun tafi haƙa, liman yana zaure, rana tana ta hawa, ga zafin da ba ya barin gawa ta jira kowa.

Bari in faɗi wace ce wannan da aka bari kwance, don shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Surukina ya je Indiya karatun aikin gona yana saurayi. Can ƙasan ƙasar aka tura shi, wani yanki da ake kira Kerala, a bakin teku. A masallacin unguwar da ya sauka ya saba da wani dattijo mai sayar da kayan yaji, daga baya ya auri 'yarsa ya taho da ita. Musulma ce 'yar Musulmi. Ta sha gaya mini cewa Musulunci ya zo garinsu ta jirgin ruwa, tare da fatake, tun zamanin da ba wanda ya san adadin kakannin da ke tsakani. Amma mutanen Jega sun riga sun san Indiya a fim, kuma ba su ga dalilin da wata za ta zo ta canza musu ita ba.

Lokacin da nake amarya, matan unguwa kan kawo mata fim su ce ta fassara musu. Ta kalla, ta kalla, ta ce, "Wallahi kun hi ni ji." Sai su fita suna cewa rowa ce, ko kuwa akwai abin da take ɓoyewa. Gaskiya take faɗa. Harshen fim na mutanen arewacin ƙasar ne, nata dabam, har rubutunsa dabam, wasu haruffa masu zagaye kamar an watsa taliya a faranti. Ta ce ranar da suka hau jirgin ƙasa za su bar ƙasar, kwana biyu suna tafiya, tun a rana ta farko ta daina gane maganar masu tallar shayi. Da Turanci ta roƙi ruwa a cikin ƙasar haihuwarta. Ga maganar da ta fi maimaitawa in an dame ta: "Indiya ba gari guda ba ta. Ku dai kun ga tsakar gida ɗaya kun ce kun ga duniya."

In ta samu mai saurare, ba ta gajiya. Ta ce a layinsu akwai masallaci, akwai coci, akwai ɗakin bautar Hindu, kuma kowa ya san lokacin kowa, har uwarta kan ɗora shinkafa in ta ji ƙararrawar maƙwabta. Ta ce a arewa akwai masu rawani da ba sa aske gashi, akwai waɗanda ko albasa ba sa ci don kada su kashe abin da ke cikin ƙasa. Ni 'yar Aliero ce, ubana da albasa ya aurar da mu duka, don haka na ce mata waɗannan kam ba za mu yi zumunci ba. Ta yi dariya har da tari. Ta ce a garinsu ruwan sama kan yi wata da watanni, ana zuwa gidan biki a kwale-kwale, ana cin abinci a kan ganyen ayaba a yar. Na ce wannan dabarar malalatan mata ce da ba sa son wanke-wanke. Ta ce, "Ke da kin je can, da ke ta sarauniyassu."

Ba waliyyiya ba ce, kada in yi mata ƙarya don ta mutu. Tana da faɗa a kan girki. Shekara ashirin ina dafa mata kifi da tsamiya da kwakwa yadda ta koya mini, ba ta taɓa cewa ya yi ba, iyakarta ta ce, "Yau an matso." Tuwo kuwa ta ci shi ne don zaman lafiya. Ta kan kira mijina, alhali ɗan fari ne, da sunansa gatsau a gaban mutane, abin da ya sa tsofaffin gidan suka ce ba ta da kunya, ita kuma ta ce ba ta ga amfanin raɗa wa yaro suna a yanka rago sannan a ɓoye sunan ba. Tana salla da hannuwa a ƙirji tun lokacin da duk matan gidan sakin hannu suke yi, wannan ma an lissafa mata shi cikin laifi. Duk bayan damina sai ta sa an kai ta gada ta tsaya ta kalli gulbi ya cika. Ba ta cewa komai a wurin, in ta gaji ta ce a koma.

Sau ɗaya kawai ta koma ƙasarsu, mijina yana ɗan shekara huɗu. Daga nan hidima ta yi yawa, jirgi ya yi tsada, aka yi ta cewa baɗi.

Tsakaninta da Gwaggo kuwa, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Gwaggo ba ta kiranta da komai sai "waccan". Amma shekarar da Gwaggo ta faɗi ta karye a ƙugu aka kai ta wajen masu ɗori a Aliero, 'ya'yanta kowace tana gidan miji da goyo, Inna ce ta ɗauki tabarma ta bi ta. Kusan kwana arba'in tana juya ta, tana kai mata fo, tana murza mata ƙafafu da mai mai ɗumi yadda ake yi a garinsu. Gidan iyayena suke aikowa da abinci, don haka na gani da idona. Gwaggo ta warke ta miƙe, ta yi wa kowa godiya har da mai kawo ruwa. Inna ba ta samu ko sannu ba, kuma ban ji ta ambaci zancen ba ko sau ɗaya.

Sai fitilar. Ta tagulla ce, tsayinta kamu ɗaya da rabi, tana da ƙafa da ɗan faranti a sama inda ake zuba mai. Inna da kanta take murza lagwani da auduga. Man kwakwa ya kamata, amma da man gyaɗa ta saba. Da rana ta faɗi sai ta kunna ta, ta zauna shiru na ɗan lokaci, sannan ta tashi ta yi alwala ta yi magariba. Ba ta yi mata sujada, ba ta yi mata magana. Amma wuta ce, kuma da magariba, a ɗakin mutuniyar Indiya. Wannan ya ishi Jega.

Ni ma ya ishe ni, kuma nan ne nawa laifin. Ina da cikin fari Gwaggo ta kira ni gefe ta ce in ina son abin da ke cikina ya zo lafiya, in raba gidan da wannan abu. Na sace fitilar na tura ta ƙarƙashin buhunan albasa. Na zaci Inna za ta tada gidan. Ba ta tambayi kowa ba. Magariba ta yi, ta zauna a inda ta saba, hannuwanta a cinya, tana kallon wurin da babu komai. Haka ta yi kwana uku. A na huɗu na kasa, na ɗauko na kai mata tana warin albasa, na durƙusa ina kuka.

Ta karɓa ta goge da bakin zanenta, ta ce in zauna. Ta ce maƙwabciyarsu ce ta ba ta fitilar ranar da za ta taho, wata 'yar Hindu da suka tashi tare, katanga ɗaya ta raba su. A can, ta ce, irin wannan fitila ba ta mutum ɗaya ba ce, har a tsohon masallacin garinsu akwai babba tun kafin lantarki. Ta jefa ta a akwati ta manta. Sai wata rana wasiƙa ta zo, ta yi wata uku a hanya. Uwarta ta rasu. Malamin makarantar layin, Kirista, shi ya rubuta, da bakin maƙwabciyar nan. Ita ta yi jinyar tsohuwar, ita ta riƙe mata kai har ta cika, sannan ta fita ta kira matan Musulmi suka yi mata wanka, ta tsaya a waje tana miƙa musu ruwa.

Inna ta ce, "Wata ukku ina dariya, ina cin abinci, uwata tana ƙasa ban sani ba. Ran nan nib buɗe akwati. In na kunna ta, ina ganin layinmu, in yi ma uwata addu'a, in tashi in yi salla. Shi ke nan abin da ka ciki."

Na ce to me ya hana ta gaya wa Gwaggo a huta? Ta ce a'a. Ta ce ashe ban sani ba: surukina ya ƙara shekara guda a Indiya saboda aurenta, kuma cikin shekarar nan uwarsu ta rasu tana tambayar ko ya iso. Gwaggo ce ta wanke ta ita kaɗai, tana kuka, ba ta ma iya ba. Daga nan ta fara wankan gawa. "Ba hitila ta dame ta ba," in ji Inna. "Ni ta. Ki bar ta da abin da taka riƙo, kowa da uwatai. Kuma kada ki hwaɗi." Na yi mata alkawari, na kuma riƙe shi shekara ashirin da biyu.

To ga ni durƙushe gaban Gwaggo, ga Inna a bayan labule. An aiko daga zaure cewa kabari ya kusa, liman yana tambaya ko an fara. Aka sake aikowa. Mata sun sunkuyar da kai, kowa tana wasa da bakin tabarma. Mai kifi ta yunƙura za ta tashi, wata ta riƙe mata zane. Na ji wani ɗaci ya taso mini, na Gwaggo, na garin, har da na Inna da ta ɗaure mini baki ta tafi ta bar ni.

Na miƙe na ce, "To ni za ni wanke ta."

Gwaggo ta ce, "Kin taɓa?"

"Ban taɓa ba. Ke ma ranar da kiw wanke taki uwa ba ki taɓa ba."

Ban san na faɗa ba sai da ta fita. Wata ta ce subhanallahi a hankali. Gwaggo ta ɗago ta dube ni, na ce a raina yau sandar nan a kaina za ta ƙare. Tunda na riga na ɓata, sai na ƙarasa. Na sake durƙusawa, na rage murya yadda ita kaɗai za ta ji, na gaya mata komai: wasiƙar, wata ukun, maƙwabciyar da ta tsaya a waje tana miƙa ruwa. Na gaya mata Inna ta san zancen uwarsu tun farko, kuma ita ta hana ni magana. Na ce, "Ke kin samu kin wanke taki. Ita ko gawar ba ta gani ba."

Gwaggo ta kau da kai. Ba ta tashi daga kujerar ba. Sai na ɗauki ƙullin magaryar daga gabanta, na ɗauki bokiti, na shiga.

Ɗakin duhu ne. An toshe taga da bargo saboda sutura, kuma babu wuta tun jiya. Na tsaya da bokiti a hannu, ban san ta inda ake farawa ba. Na ciro waya zan haska, sai na ji muryar Gwaggo daga bakin ƙofa.

"Hitar da wagga. Ba a shiga ma gawa da waya, ba a gabana ba."

Dokarta ce tun da wayoyi masu hoto suka zo, kowa ya sani. Na miƙa wayar waje. Na ji ƙarar sanda a kan siminti, labule ya ɗaga ya koma. Ta tsaya kusa da ni tana haki, muka zama mu uku a cikin duhu.

Ta ce, "Ba ni ganin komi. Ba ku da aci-balbal?"

Na ce babu.

"Kyandir hwa?"

Na ce ya ƙare.

Na ji ana gyaran murya a zaure. Sannan ta ce, "Ina ashana?"

Tana nan inda Inna ke ajiye ta, a gefen fitilar. Na lalubo na sa mata a hannu, don ban yarda in kunna da kaina ba. Ta ƙyasta, ta farko ta mutu, ta biyu ta karye. A ta uku ta yi bisimilla a fili, yadda na waje za su ji, ta kai wa lagwanin da Inna ta murza jiya da yamma. Ɗakin ya yi haske ja-ja.

Ta ɗaure tsumma a hannu, ta ce in zuba ruwa a hankali, daga dama. Ta yi mata alwala gaɓa-gaɓa. Muka wanke ta sau uku, na ƙarshe da kafur. Da muka kwance gashin, fari fat har ƙugu, Gwaggo ta tsaya da shi a tafin hannu kafin ta raba shi uku ta kitse. Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi. Da muka zo rufe fuska da likkafani sai ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Dakata. Matso da hitilag ga, in ga huskar matar ƙanena. Ban taɓa dubinta da kyau ba."

Na matso da ita. Ta daɗe tana dubawa.

An yi wa Inna salla a ƙofar gida kafin la'asar, sahu har bakin titi, aka kai ta kusa da mijinta. Gwaggo ta zauna kwana bakwai tana karɓar gaisuwa, kuma duk wadda ta soma rage murya sai ta ce mata, "Ni niw wanke ta. Akwai magana?" Ba a samu mai magana ba. Alkawarin da na karya kuwa, ina roƙon Inna ta yafe mini shi, ita da ta yafe mini satar fitila.

Ya Allah, baƙuwa ce ta zo daga nesa ta kwanta a ƙasarmu. Ka sa ta iske gida a wurinka, ka haɗa ta da uwar da ba ta samu yi wa sallama ba, ka yalwata mata kabari, ka sanyaya shi kamar daminar garinsu.

Matar da ta ba da fitilar ban san sunanta ba, ban san ko tana raye ba. Na sa babbar 'yata ta rubuta wa dangin Inna cewa in tana nan, a je a gaya mata da haskenta aka wanke ƙawarta.